Rantsuwar da Na Yi a Kan Ƙanena Mai Zane

Mu biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu, ni da ƙanena, shekara biyar tsakaninmu. Mahaifinmu mahauci ne, ya gangaro Lome bayan shanu tun yana saurayi, ya samu ɗaki a tsohon Zongo ya zauna har ya rasu. Ni na gaji wuƙarsa. Da asuba ina kwata, da la'asar ina tukubata a bakin tasha, inda motocin arewa ke sauke albasa da wake. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne sai shekara huɗu a lakwal, wato makarantar boko, iyakar abin da zai ishe ni in rubuta wannan.

Ƙanena bai taɓa son fawa ba. Ba tsoron jini yake yi ba. Sai dai a aike shi wanke hanji, a je a same shi tsugune yana juya hanta a hannu, yana kallon yadda launinta ke sauyawa a rana. Da mahaifinmu ya gaji da faɗa sai ya ƙyale shi. Ya yi nisa a lakwal har yana karanta Faransanci ba gargada, daga nan ya shiga koyon aiki wajen wani ɗan ƙabilar Mina mai rubuta allunan shaguna kusa da babbar kasuwa. A zamanin ba a saba ganin Bahaushe a wannan sana'a ba, balle ɗan mahauci. Malamai kan ja masa kunne kan zanen abu mai rai, ya ce to, ya koma ya ci gaba da zana kawuna a allon masu aski. Amma da yake kowane direban Zongo na son a rubuta masa addu'a a goshin motarsa, kuma babu mai hannun ƙanena wajen jan baƙin Larabci da burushi, sai aka bar shi ya ci abincinsa.

Littafin da ya sauya shi ta hannuna ya shigo gidanmu. Mu masu tsire takarda muke saye a kilo don naɗe nama, yawanci buhun siminti da tsofaffin jaridu. Wata mata ce ke kawo mini, tana bin gidajen Turawa na bakin teku tana kwashe abin da kukunsu suka fitar. Wata rana na tarar da wani littafi mai kauri a cikin kayan, ba bango, takardarsa mai santsi da sheƙi. Na ji haushi, domin irin wannan takarda ba ta shan mai, ƙuli ma zamewa yake yi a kanta. Amma na riga na saya, sai na shiga yaga. Shafi wajen goma sun tafi hannun direbobi da 'yan dako kafin ƙanena ya zo ya karɓi tsirensa kamar kullum. Ya cinye, ya zuba wa takardar ido, ya goge man da gefen rigarsa. Hoton wasu tsofaffin takalma ne, baƙaƙe, sun lanƙwashe, igiyoyinsu a warware. Ya tambayi sauran, na nuna masa ƙarƙashin tebur. Na ce in yana so ya kawo mini buhun siminti biyu a madadi. Uku ya kawo.

Tsakanin azahar da la'asar, kafin in hura wuta, yakan zo ya zauna a bencina ya karanta, yana juya mini da Hausa ina soke nama a tsinke. Haka na san labarin mai zanen. Bature ne ɗan ƙasar Holan, ɗan fasto. Ya gwada aikin shago bai yi ba. Ya gwada wa'azi cikin masu haƙar kwal, har ya rabar musu da tufafinsa yana kwana a ƙasa, manyansa suka ga abin ya yi yawa suka sallame shi. Sai da ya doshi talatin ya kama zane, kuma shekara goma kawai ya yi yana yi. Ya koma kudancin Faransa neman rana, ya kama haya a wani gida mai launin rawaya. A can ciwo ya same shi, wata rana bayan sun yi faɗa da abokin zamansa ya yanke kunnensa da aska. Maƙwabtansa suka haɗu suka sa hannu a takarda suna neman a kulle shi. Ya zauna asibitin masu taɓin hankali, a can ma bai ajiye burushi ba. Ya mutu bai kai arba'in ba, an ce shi ya harbi kansa, kuma kusan babu wanda ya sayi zanensa yana da rai. Ƙanensa ne ya riƙe shi duk tsawon shekarun nan, yana aika masa fenti da abin da zai ci, yana adana zanen a ɗakinsa. Watanni kaɗan bayan rasuwar wan, shi ma ya bi shi.

Ni duk labarin nan kunnen ne ya tsaya mini. Na ce ko a kwata ba a sayar da kunne shi kaɗai, sai da kan. Ƙanena ya yi dariya, ya ce ni dai ban ji komai ba sai inda aka yi yanka. Shi abin da yake ta komawa kai shi ne maƙwabtan, wai mutane ne da yake gaisawa da su kullum.

Hotunan kuwa da farko na ɗauka injin ɗab'i ne ya lalace. Akwai talakawa zaune kewaye da akushin dankali, fuskokinsu kamar an ƙera su da ƙasar gona. Akwai wasu manyan furanni masu kama da rana a cikin tulu, rabinsu sun fara bushewa. Akwai ɗakin kwanansa, gado da kujera biyu, komai ya karkata kamar zai zame ya faɗo maka a cinya. Akwai sararin sama yana murɗawa kamar ruwan da aka dama a ƙwarya, da doguwar itaciya baƙa ta miƙe kamar harshen wuta. Akwai kuma fuskarsa shi kansa, kai a ɗaure da farin ƙyalle, fatar kore da rawaya. Na ce wannan ai bai iya ba. Ƙanena ya ce in dubi fuskar mahaifiyarmu da yamma in tana zaune bakin murhu, in gaya masa launi nawa na gani. Na duba. Ban gaya masa ba, amma ba ɗaya ba ne.

Daga nan ya fara nasa. Yana aikin allunansa da safe, da rana ya shige ɗakinsa na bayan gida. Fentin mota yake tarawa, ragowar gwangwanaye, ya bar shi ya yi kauri, ya shafa a kan katakon akwatin shayi. Burushi ba ya ɗaukar fentin yadda yake so, sai ya roƙe ni tsofaffin wuƙaƙena, waɗanda wasawa ta cinye har suka zama siraran da ke lanƙwasa. Na ba shi huɗu. Da su ya zana masallacin unguwarmu, kwanon rufinsa yana tafasa cikin rana. Ya zana itatuwan kwakwa na bakin teku iska na karkata su, ya zana mahaifiyarmu tana tace koko, ya zana ni a bakin tukuba, hayaƙi shuɗi ya naɗe ni, hannuna ja kamar garwashi. Ina yi masa ba'a cewa ya mai da ni aljani, amma duk baƙon da na yi sai na kai shi ya gani. Wata rana yana goge wuƙa da tsumma ya ce Baturen nan ƙane gare shi, shi kuwa Allah ya ba shi wa. Na ce ya rufa mini asiri, ni ba zan bi shi kabari cikin wata shida ba.

A shekarar ne ya nemi aure. 'Yar wani Alhaji ce mai fataucin goro, suna son juna, ita ce ma kaɗai a Zongo da na ji ta ce zanen nan na da kyau ba don kara ba. Ni na kai gaisuwa tare da kawunmu, tun da mahaifinmu ya rasu. Alhaji ya yi bincikensa kamar yadda aka saba, ya tambaya ko akwai sata a gidanmu, ko kuturta, ko taɓin hankali. Aka ce babu. Ya karɓi kaya, aka sa rana bayan babbar salla.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne. Kowa ɗan jam'iyya ne, ko yana so ko ba ya so. Kowane shago da hoton shugaban ƙasa, mata na ɗaura zanen da ke da fuskarsa, in za a yi biki kowace unguwa sai ta fitar da 'yan rawa da masu waƙa. Mu kuma a Zongo akwai abin da ke cin ranmu, ana ta raɗe-raɗin za a rushe unguwar a kwashe mu can bayan gari. Sakataren jam'iyya na unguwarmu abokina ne tun muna yara, tare muka yi allo, kullum yana cin balangu a wurina yana kirana Sarkin Fawa don zolaya. Shi ya zo mini da maganar. Ya ce biki na zuwa, ya kamata Zongo ta fito da hoton shugaba mafi girma a duk Lome, na hannu ba na inji ba, manya su ga muna ƙauna, watakila a ɗaga mana ƙafa. In ma rusau ya zama dole, waɗanda suka taimaka su za a fara ba fili. Ya ƙara da cewa shanun da za a yanka ranar bikin ni zan yanka. Na amsa masa da sunan ƙanena ban tambaye shi ba.

Ƙanena ya ƙi. Ya ce hannunsa ya riga ya sauya, ba zai iya komawa ya yi fuska sumul kamar ta allon aski ba, a kai wa tsohon maigidansa. Na ce na riga na ba da kalma, kuma ni ne babba. Na kai ƙara wajen mahaifiyarmu, ta ce ya yi abin da yayansa ya ce. Sai ya tambaye ni ko ya yi yadda yake gani. Na ce ya yi yadda ya ga dama, ya dai yi shi babba. Aka kawo masa katako ya fi ƙofa tsawo, da ɗan hoton da zai duba. Kwana uku yana kallon ɗan hoton nan bai taɓa fenti ba. Da ya fara, sau biyu yana zuwa har kwata ya ce in zo in gani. Ina fama da shanun biki, na ce na yarda da shi. Tsakanin kwata da ɗakinsa bai kai tafiyar minti goma ba.

Ana gobe biki, da hantsi, aka ɗauko hoton a lulluɓe da zane zuwa ƙofar Sarkin Zongo. Akwai Sarki da liman da dattawa, da wasu mutum biyu da suka zo daga cikin gari duba shirin unguwanni, ɗaya babba ɗaya matashi, dukansu cikin kwat. Sakatare ya yi jawabi, ya yaye zanen da hannunsa.

Shugaban ne, ba wanda zai ce ba shi ba ne. Amma kumatunsa kore ne, goshinsa rawaya da ruwan goro, ƙarƙashin idanunsa shuɗi, lambobin ƙirjinsa kamar garwashi, sama na murɗawa a bayan kansa. Fentin ya yi tudu-tudu, kana ganin sawun wuƙa. Abin da ya fi muni shi ne ya fi hoton inji kama da mutum. Mutum ne da ya gaji, wanda ba ya samun barci, yana kallon gefe kamar ya ji motsi. Ba wanda ya tafa. Ƙanena na tsaye a gefe da tsabtatacciyar riga, fuskarsa a sake, domin shi a ganinsa bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Babban cikin baƙin ya ce a rufe. Ya tambayi wanda ya yi, da wanda ya sa shi. Aka shigar da mu zauren Sarki tare da hoton, matashin ya tafi kiran mota. Kowa ya san ma'anar motar nan, akwai waɗanda ta ɗauka a kan abin da bai kai wannan ba, ba su dawo da ƙafarsu ba. Sakatare ya ja ni bayan ƙofa.

"Sarkin Fawa, hanya ɗaya ce. Ka ce ba shi da lafiya. Ba a ɗaure mahaukaci. Magana ce ta cikin zauren nan, in sun tafi ta mutu. Ni na ɗauki alkawari."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don in ceci ƙanena na yi. Akwai wannan a ciki. Amma an tambayi wanda ya sa shi, kuma ni ne, wannan ma yana ciki. Na durƙusa gaban Sarki na ce ƙanena ya daɗe da samun taɓuwa, muna ɓoyewa ne. Babban baƙon ya dubi ƙanena ya ce bai ga alama ba, wannan ai ya fi kowa nutsuwa a ɗakin. Da na tsaya a nan, watakila da Sarki ya sa baki an nemi wata mafita. Ban tsaya ba. Na nemi izini na ruga gida na ɗauko littafin daga ƙarƙashin matashinsa, na buɗe wurin mai ɗaurarren kai na miƙa. Duk abin da ya karanta mini a bencina na zazzage musu. Na ce wannan Baturen yake bi, mahaukaci ne da ya yanke kunnensa, ƙanena na kwana da littafinsa, har ya kwashe mini wuƙaƙe ya ɓoye a ɗaki, muna tsoron ranar da zai yi irin nasa.

Ƙanena na zaune a ƙasa kusa da takalman mutane. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Yaya, kai ka ba ni wuƙaƙen."

Na juya wajen baƙon na ce, "Ranka ya daɗe, ka ji irin maganar tasa ko?"

Baƙon ya juya littafin, ya dubi fuskar Baturen, ya ɗaga lulluɓin ya sake duban hoton shugaban, ya ga kore ɗaya ne da rawaya ɗaya. Ya yi 'yar dariya. Ya ce tun da mu Musulmi ne, in rantse. Na ɗaga yatsa gaban Sarki da liman na rantse da Allah. Liman ya sunkuyar da kai. Aka sallami motar da sharaɗi biyu, a ƙona duk abin da ke ɗakinsa, a kuma nema masa magani. Littafin baƙon ya sa shi a hammata ya tafi da shi.

Ni na kwaso katakan, ni na ƙona su a filin bayan kwata inda muke babbake kawuna da ƙafafu. Fentin mota na ci da baƙin hayaƙi mai wari, har matan da ke wanke tumbi suka tashi. Katakan sun fi talatin. Na ƙarshe da na jefa shi ne na mahaifiyarmu. Ƙanena bai zo wurin ba.

Alkawarin sakatare bai kai la'asar ba. An ga hoton a ƙofar Sarki, mutane na ta magana, shi kuma yana tsoron a ce da gangan ya kawo. Bayan an idar da sallar azahar ya miƙe a masallaci ya yi bayani cewa ba laifin jam'iyya ba ne, ba laifinsa ba ne, mai zanen ne ba shi da lafiya, kuma wansa uwa ɗaya uba ɗaya ya rantse a kan haka gaban Sarki. Har maganar kunne da wuƙaƙe bai bari ba. Ina sahu na biyu. Da muka fito na tare shi, ya ce in gode wa Allah ba mu kwana a bariki ba, ya wuce. Washegari aka yi biki da hoton inji, na yanka shanuna.

Bayan kwana uku Alhaji mai goro ya aiko da kayan gaisuwa, ko ƙwayar goro ba ta ɓata ba. Na je na same shi a rumfarsa yana yayyafa wa huhun goro ruwa. Na rage murya na gaya masa gaskiya duka, cewa dabara ce, ƙanena lafiyarsa ƙalau. Ya bar ni na gama.

"Ɗana, a bincike in baƙo ya faɗi aibin gida ana iya cewa hassada ce. In babban gidan ya faɗa, an gama. Ko dai ƙanenka na da ciwon, ko kai ka rantse da Allah a kan ƙarya. Zaɓi ɗaya ka gaya mini wanda zan ba 'yata saboda shi."

Na tashi na koma gida. Yarinyar ta yi ta kuka, aka tura ta wajen gwaggonta a Kwatano, a can ta yi aure daga baya.

Abin da ya biyo baya ba duka ba ne, ba zagi ba. Tausayi ne. In ƙanena ya shiga shagon aski sai mai shagon ya tura asake cikin aljihun tebur yana yi masa murmushi. Direbobi suka daina kawo motoci, wai kada a rubuta sunan Allah da hannun da ba a tabbatar da shi ba. In ya yi shiru a ce ciwon ne, in ya yi dariya a dubi juna. Mahaifiyarmu da kanta ta fara shakka, domin ba ta taɓa jin na rantse a banza ba. Ta riƙa karɓo rubutu, shi kuma ya shanye a gabanta ya miƙa mata ƙwaryar ya ce ya gode. Ni bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yana gaishe ni da safe a tsaye, ya kira ni Yaya, ya wuce. Bencina ne bai ƙara zama a kai ba.

Zongo kuwa an rushe ta duk da haka. Aka kwashe mu can arewa da gari, wurin da ba ruwa ba inuwa. Sakatare ya samu fili a bakin hanya, ni a rabon filayen sunana bai fito a farko ba, bai fito a tsakiya ba. Cikin wannan hargitsi na kwasar kwano da ƙyaure ƙanena ya ɗauki jakarsa ya taka zuwa Aflawo, ya ƙetare iyaka zuwa Gana.

Na je wajen wani malami na tambayi kaffarar rantsuwata, ina zaton azumin kwana uku ne. Ya ce irin wannan, wadda mutum ya san ƙarya ce ya yi ta, ta fi ƙarfin kaffara. Sai tuba, da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Na ce to. Na shekara tara ban yi komai ba.

Sai bayan rasuwar mahaifiyarmu na bi sawunsa har Kumasi. Fentin gidaje yake yi, fari da ruwan ƙasa, da dogon burushi a kan tsani. Ya yi aure, da 'ya'ya uku. Bangon ɗakinsa babu komai sai kalanda. Ya sauke ni da kyau, ya sa aka yanka kaza. Da na nemi gafara ya ce tsakaninsa da Allah ya daɗe da yafewa, maganar bariki ma ya san daga me na fitar da shi. Abu ɗaya yake so. In koma gaban mutanen da na faɗa wa, in ce ƙarya na yi. Ya ce 'ya'yansa za su girma, fatake na kai da kawowa tsakanin Lome da Kumasi, wata rana wani zai zo bincike.

Na yi masa alkawari. Na dawo na ga jam'iyya na nan, sakatare na nan ya ƙara girma, duk wanda ya fito ya ce ya yaudari manya da rantsuwa bai san inda zai kwana ba. Na ce sai an ɗan samu sauƙi. Na sake jira har lokacin da aka fara magana a fili a ƙasar nan, kowa na faɗin abin da ya daɗe a cikinsa. Kafin nan Sarkin da na durƙusa wa ya rasu, liman ya rasu, Alhaji mai goro ya koma arewa.

Wata Juma'a bayan salla na nemi izini na miƙe a masallacin sabon Zongo. Na faɗi komai, da littafin, da wuƙaƙen, da abin da aka ce mini a bayan ƙofa, da tsorona. Samari ba su san wanda nake nufi ba, suna ta neman takalmansu. Dattawan da suka rage daga tsohuwar unguwa, su shida ko bakwai, suka saurare ni har ƙarshe. Ɗaya daga cikinsu, tsohon direba wanda ƙanena ya taɓa rubuta wa mota, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Allah ya saka maka, Alhaji. Haka ake son ɗan'uwa, ya rufa wa nasa asiri ko bayan shekaru. Yaya jikin nasa yanzu? Ya samu sauƙi?"

Na ce lafiyarsa ƙalau, bai taɓa ciwo ba. Ya gyaɗa kai ya ce alhamdu lillahi, dama irin wannan yakan lafa in an girma. Sauran suka ce amin, suka yi masa addu'ar ƙarin lafiya.

Na rubuta wa ƙanena wasiƙa na ba wani mai motar goro. Ban ɓoye masa ba, na gaya masa na tsaya na faɗa, na kuma gaya masa abin da suka amsa. Bayan mako biyu mai motar ya dawo. Na tambaye shi ko akwai takarda, ya ce babu. Ya ce ya same shi a kan tsani, ya sauko ya karanta a tsaye, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce a gaya wa Yaya ya ji.